Ƙofar da ba ta da ƙyaure: fashin baƙi kan manyan ƙofofin tarihi na duniya

Duk wanda ya taɓa kallon hoton Arc de Triomphe ta birnin Faris da kyau, akwai tambayar da ya kamata ta faɗo masa a rai. Ga gini nan gangariya, tsayinsa mita 50, yana tsaye a tsakiyar shataletalen da manyan tituna 12 suka haɗu, ba katanga ta dama ba katanga ta hagu, ba ƙyaure ba sakata, kana iya zagaye shi ka wuce abinka ba mai ce maka kanzil. To wannan ƙofar shiga ina ce? Kuma me zai sa a kwashe shekara 30 ana narka dukiya a kan ƙofar da ba ta hana kowa shiga, ba ta hana kowa fita?

Amsar ba za ta fito ba sai an fara raba abu biyu da ake yawan haɗawa wuri ɗaya. Akwai ƙofar gari ta ainihi, wadda take jikin ganuwa, ana buɗe ta da safe a rufe da magariba. Sannan akwai ƙofar nasara, wadda ba ta taɓa yin ƙyaure ba tun farko, ita magana kawai aka gina ta ta yi. Ta biyun daga cikin ta farkon ta fito, kuma yadda hakan ta faru shi ne labarin gaba ɗaya.

Mu fara da ta ainihin. Ganuwa komai kaurinta dole a bar mata kafa, sabida mutanen gari sai sun fita gona, fatake sai sun shigo, kuma wannan kafar ita ce wurin da ganuwa ta fi rauni, shi ya sa duk basirar maginan da a kan ƙofa take ƙarewa. Dubi Ƙofar Zakuna da ke Maisini a ƙasar Girka, wadda aka gina wajajen shekara ta 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Dutse ɗaya tilo da aka gicciya a samanta ana ƙiyasta nauyinsa ya kai tan 20, kuma don kada nauyin katanga ya danne shi ya karye sai suka bar gurbi mai kusurwa uku a kansa, suka toshe da falalen dutse mara kauri wanda aka sassaƙa zakuna biyu a jiki. Amma abin da ya fi burge ni a wurin wata katanga ce da suka miƙo gaba ta gefen daman mai shigowa. Dalili kuwa, mayaƙi garkuwarsa a hannun hagu take, damansa a buɗe, kaga kenan duk wanda ya tunkaro ƙofar ya miƙa haƙarƙarinsa ga masu kibiya da ke sama. A birnin Ƙudus ma, ganuwar da Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya gina tsakanin 1537 da 1541, in ka shiga Ƙofar Jaffa ba miƙewa za ka yi ba, sai ka karya kwana a cikin soron ƙofar, don kada mahaya su shigo da sukuwa, kuma masu ɗauke da gungumen fasa ƙyaure su rasa filin ja da baya.

Sai dai yaƙi ba kullum ake yi ba. Abin da ƙofa take yi kullum shi ne karɓar kuɗi, kuma wannan ɓangaren ne ba a cika faɗa ba. Ƙofar Brandenburg da ake ta ɗaukar hoto a Barlin, a da a jikin katangar kwastam take, ɗaya ce daga cikin ƙofofi 18, kuma ita katangar ba don abokan gaba aka yi ta ba, an yi ta ne don a karɓi haraji a kan kayan da ke shigowa gari, a kuma hana sojoji gudu daga aiki. A Faris abin har ya fi haka zafi. A shekarun 1780 aka kewaye birnin da katangar haraji mai shingaye sama da 50, duk abin da zai shigo sai an biya, talaka kuwa shi yake ji a jikinsa don a kan farashin kaya abin yake sauka. Kowa ya san an fasa kurkukun Bastille ran 14 ga Yulin 1789, amma a kwanakin da suka gabaci wannan rana, shingayen harajin nan jama'a suka fara cinna wa wuta. Sun san inda ke musu ciwo.

Kuma tunda nan ce inda kowa zai bi, ƙofa ta zama allon sanarwar masu mulki, wani lokacin ma sanarwa mai ban tsoro. Ƙofar Zuwaila a Alƙahira, wadda wazirin Faɗimiyyawa Badrul Jamali ya gina a 1092, ta ga abin da ya ishe ta. A 1260 da Hulaku, jagoran Mongol, ya aiko manzanninsa da wasiƙar barazana, Sarki Ƙuɗuz na daular Mamluk ya sa aka kashe su aka rataye kawunansu a wannan ƙofa, wato amsar wasiƙar kenan, daga nan aka fita aka gwabza a Ainu Jalut aka karya Mongol. Shekara 257 bayan haka, a 1517, a dai wannan ƙofar Sarki Salim na Usmaniyya ya rataye Tuman Bay, sarkin Mamluk na ƙarshe, masu tarihi ma sun ruwaito sai da igiya ta tsinke sau biyu. Daula ɗaya kenan, a ƙofar da ta nuna ƙarfinta a nan aka nuna ƙarewarta. Yau hasumiyoyin masallacin Mu'ayyad guda biyu ne a kanta, ana hawa a hango tsohon gari.

Akwai kuma batun daraja, wa zai bi ta ina. A fadar sarakunan Sin da ke Bejin, hanyar tsakiya ta babbar ƙofar kudu ta sarki ce shi kaɗai, sarauniya tana bi sau ɗaya a rayuwarta ranar da aka kawo ta amarya, sai kuma ɗalibai uku da suka fi kowa a babbar jarrabawar fada, su ma sau ɗaya, a hanyarsu ta fita. Brandenburg ma hanyoyi biyar gare ta, kuma har zuwa faɗuwar sarautar Jamus a 1918 ta tsakiyar ta gidan sarauta ce. Masu shiga ma sun san ana karanta yadda suka shiga. A 1898 da Kaisa Wilhelm na II ya ziyarci Ƙudus, faɗaɗa hanya aka yi a gefen Ƙofar Jaffa ya shiga a kan doki da gayya guda, shi kuwa Janar Allenby na Ingila da ya ci birnin a Disambar 1917 da gangan ya sauka ya shiga ta ƙofar da ƙafa, don duniya ta kwatanta. Mamaya dai mamaya ce, amma ka ga yadda taku goma a bakin ƙofa ya zama siyasa.

To daga nan zuwa cire ƙyauren gaba ɗaya ba nisa. Tun a Babila an fara ganin alama. Ƙofar Ishtar da Nebukadnezzar na II ya gina wajajen 575 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ƙofar tsaro ce ta gaske, amma an lulluɓe ta da tubali gasasshe mai ƙyalli shuɗi shar, layi-layi na bijimai da dodanni a jikinta, ga zakuna a jere a bangon titin da ake bi ranar bikin sabuwar shekara. Ba wanda zai yi wannan ɗawainiya don tare mahara. An yi ne don baƙo ya san garin wa ya shigo tun kafin ya ga fada.

Rumawa ne suka ƙarasa aikin. A al'adarsu janar ba ya ƙetare iyakar birnin Rum da rundunarsa sai majalisar dattawa ta amince masa da bikin nasara, ranar nan kuwa zai shigo a keken doki, ganima a gaba, kamammu a ɗaure, gari ya cika ya batse. Amma biki na yini ɗaya ne, gobe an watse. Sai suka ce to a mayar da wannan yinin dutse. Kuma suna da fasahar yi, don sun ƙware a ginin baka: a jera duwatsu masu siffar weji a kan katakon tallafi, a soka na tsakiya a sama, a zare katako, nauyi ya riƙa gangarawa gefe da gefe zuwa ƙafafu, yadda duk nauyin da aka ɗora masa ƙara matse shi yake yi. Shi ya sa za a iya ɗora allon rubutu da gumaka a sama ba fargaba, shi ya sa kuma wasunsu suke tsaye shekara kusan 2,000.

Ƙofar Titus, wadda aka gina wajajen shekara ta 81 Miladiyya, tana tuna rusa Ƙudus a shekara ta 70. In ka tsaya a ƙarƙashinta ka dubi bangon ciki, sojojin Rum ne a sassaƙe, sun saɓa alkukin fitila mai rassa bakwai da suka kwaso daga Haikalin Yahudawa, suna tafe da shi a kafaɗa. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe: kowace ƙofar nasara akwai wanda aka yi nasarar a kansa, kuma ba a tambaye shi ba kafin a sassaƙa shi. Ta Kustantin kuwa, wadda aka buɗe a 315, nasarar ma ba a kan baƙi aka yi ta ba, ɗan'uwansa Barume Maksentiyus ya kayar a 312, sannan yawancin adon da ke jikinta ciro shi aka yi daga gine-ginen sarakunan baya irin su Tarajan da Hadriyan, aka gyara fuskokin suka koma tasa.

Su kuma ƙofofin ainihi igwa ce ta fara kashe musu kasuwa. Ganuwar Kustantiniyya ta yi shekara kusan 1,000 tana gagarar mahara ta tudu, sai ga Muhammadul Fatih da manyan igwoyinsa a 1453, cikin kwana 53 magana ta ƙare. Daga baya garuruwa suka tumbatsa suka fi ƙarfin ganuwarsu, kekunan doki suna cushewa a bakin ƙofa, sai aka shiga rushe-rushe. Landan ta rushe ƙofofinta a shekarun 1760, sunayen kawai suka rage a tituna irin su Aldgate da Moorgate. Biyana ta ba da umarnin rushe tata ganuwar a 1857 aka shimfiɗa titi a gurbinta. Bejin ta yi nata a shekarun 1950 da 1960, duk da masanin gine-gine Liang Sicheng ya yi ta roƙon a bar su. Waɗanda suka tsira yawanci da ƙyar ne. Porta Nigra ta garin Trier a Jamus, ta zamanin Rumawa, mutane har sun fara ƙwaƙule ƙarafan da suka ɗaure duwatsunta, abin da ya cece ta wani mai zuhudu ne mai suna Simiyon da ya tare a ciki, da ya rasu a 1035 aka mayar da ita coci, ba wanda ya ƙara ƙwaƙule ta. Holstentor ta garin Lubek a Jamus kuwa, a 1863 ƙuri'a ɗaya tak ce ta raba ta da rushewa a majalisar gari. Abin lura shi ne duk ƙofar da ta tsira bayan ganuwarta ta tafi, ita ma ta koma irin ta Rumawa, tana tsaye ita kaɗai ana zagaye ta.

Kuma a nan ne abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar yake fitowa fili, wato mai gina ƙofa ba shi ke da iko da ma'anarta ba, masu bi ta ciki ne. Brandenburg ta isa misali. An gina ta daga 1788 zuwa 1791 da sunan ƙofar zaman lafiya, a 1793 aka ɗora mata keken dawakai huɗu a ka. A 1806 Napoliyon ya ci Barlin, ya ratsa ta cikinta, ya sa aka sauke dawakan aka yi Faris da su a akwatuna. A 1814 aka karya shi aka dawo da su, amma sai aka ƙara wa macen da ke riƙe da linzami gicciyen ƙarfe da mikiya, ta tashi daga alamar zaman lafiya ta koma ta nasara. Ran 30 ga Janairun 1933 'yan Nazi suka ratsa ta da jiniyoyin wuta suna murnar Hitila ya hau mulki. A 1945 ta sha harsashi da bam har kan doki ɗaya ne kawai ya rage daga na asali. A 1961 aka ja katangar Barlin ta gabanta, ta zama ƙofar da ba mutumin gabas ba na yamma da ke iya bi, shekara 28 cur, sai ran 22 ga Disambar 1989 aka buɗe ta, dubban mutane a cikin ruwan sama suna ratsawa suna rungumar juna. Ginshiƙai 12 ɗin nan su ne dai tun 1791.

Shi kansa Napoliyon da ya ba da umarnin gina Arc de Triomphe a 1806 bayan nasarar Austerlitz bai ga kammaluwarta ba. A 1810 da zai shigo da amaryarsa Marie-Louise ginin ko'ina bai kai ba, sai aka kafa ta katako da zane mai fenti a wurin. An gama ta a 1836 a zamanin wani sarkin daban, shi kuwa gawarsa ce ta ratsa ta a 1840. Haka Gateway of India a Mumbai, Turawan Ingila suka gina ta don tuna saukar Sarki Joji na V a 1911, aka gama a 1924 don manyan jami'an mulkin mallaka su riƙa shigowa ta nan, shekara 24 kacal bayan haka, ran 28 ga Fabrairun 1948, ta cikinta bataliyar sojan Ingila ta ƙarshe ta yi fareti ta shiga jirgin ruwa. Wanda ma kamar ya hango wannan shi ne Sarki Akbar, da ya gina Buland Darwaza a Fatehpur Sikri don nasararsa a Gujarat, mita 54 daga ƙasa, amma ya sa aka rubuta a jikinta maganar da ake jingina wa Annabi Isa (AS) cewa duniya gada ce, a ƙetare ta kada a gina gida a kai. Garin kuwa bai yi shekara 20 yana fadar mulki ba aka tashi.

Duk da haka ba a daina ba, sai ma gasa da ta shigo. Koriya ta Arewa ta gina tata a Piyongyang a 1982, mita 60, wato ta ɗara ta Faris da mita 10, da tubalan dutse kimanin 25,500, kowane ɗaya a madadin kwana ɗaya na rayuwar Kim Il Sung da ya cika 70. A Bagadaza a 1989 Saddam ya kafa takubba biyu a gicciye, hannayen da ke riƙe da su kwaikwayon nasa hannun ne, a gindinsu aka zuba hulunan kwanon sojojin Iran da aka kwaso a fagen daga. Wannan kam ba ta da maraba da ta Titus, kuma ni ban ga abin alfahari a tara hulunan 'ya'yan mutane ba.

Canjin da ya fi taɓa ni bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, da gawa ta yi yawan da ba mai bakin cewa nasara. Arc de Triomphe tana ɗauke da sunaye 660, yawancinsu janar-janar, amma a 1921 aka binne sojan da ba a san ko wane ne ba a ƙarƙashinta, a 1923 aka kunna masa wuta, kuma har yau kullum ƙarfe 6:30 na yamma ana zuwa a rura ta. Ƙofar Menin a Beljiyam, da aka buɗe a 1927, ba sunan sarki aka cika ta da shi ba, sunayen sojoji sama da 54,000 ne da ba a ga gawarsu ba, har da 'yan Indiya da aka kwaso daga wata duniya, kuma kullum ƙarfe 8 na dare ana tsayar da motoci a busa musu begila. India Gate a Delhi, mita 42, sunaye sama da 13,000. Sai kuma wadda ta juya al'adar gaba ɗaya, Ƙofar Ba Dawowa da ke bakin teku a Wida ta Jamhuriyar Benin, wadda aka gina a 1995 a ƙarshen hanyar kusan kilomita 4 da ake kora bayi daga gari zuwa jirgi. A samanta mutane ne a sassaƙe, layi biyu, hannu a ɗaure, sun fuskanci ruwa. Siffar ginin ta Rumawa ce, kamammun nan ne dai na cikin jerin gwano, amma a karon nan su aka gina wa ƙofar.

Abin da ya rage shi ne riƙon waɗanda suke tsaye, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Sungnyemun ta birnin Seoul, tun 1398 take, ta tsallake yaƙe-yaƙe, amma ran 10 ga Fabrairun 2008 wani dattijo da ke jin haushin diyyar fili ya hau ya cinna mata wuta, soron katakon da ke sama ya ƙone mutane na kallo a talabijin suna kuka. Shekara biyar aka yi ana gyara da hannu irin na da, aka buɗe a 2013, cikin 'yan watanni fenti ya fara ɓarewa, don sanin yadda magabata suke haɗa shi ya riga ya yi rauni. Ƙofar Tadmur a Siriya kuwa, mai shekara kusan 1,800, 'yan ISIS suka tarwatsa ta da nakiya a Oktoban 2015.

Sai rigimar Ishtar da har yau ba a warware ba. Masu tonon tarihi na Jamus ƙarƙashin Robert Koldewey ne suka tono ta a farkon ƙarni na 20, aka kwashi gutsattsarin tubalin a ɗaruruwan akwatuna zuwa Barlin, aka wanke gishirin jikinsu aka yi ta haɗawa ɗaya bayan ɗaya har aka tayar da ita a gidan tarihi na Pergamon a 1930, kuma ƙaramar ta gaba ce kawai, babbar ta fi ƙarfin ɗakin. Masu kare Jamus suna cewa da an bar ta da ta lalace, kuma gaskiya ne aikin da suka yi ba na wasa ba ne. Amma a Babila abin da ya rage wa masu ita shi ne gindin ginin mara ƙyalli da wata ƙaramar kwaikwayo, Iraƙi ta nemi a dawo mata da ita ba a yi ba, ni kuma a ganina wanda ya adana maka kaya godiya yake ci, ba kayan ba. Yanzu ma gidan tarihin a rufe yake tun Oktoban 2023 ana gyara, kuma ɓangaren da ƙofar take an ce sai 2037 za a sake buɗe shi.